Teku a Idon Mutumin Tudu: Nazari a Kan Ƙagaggun Labaran Hausa na Farko

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba irin matsayin da teku da halittunsa suka samu a cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko, wato waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa tekun da ke cikin adabinmu na aro ne daga littattafan Larabci, alhali kuwa Bahaushe ya daɗe da yin tasa hulɗar da teku, wadda har yanzu alƙalami bai ba ta haƙƙinta ba.

2.0 Kogi da Teku a Bakin Bahaushe

Dole mu fara da yanayin ƙasa. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Ƙaraye yana gangarawa Kogin Challawa ne, ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, daga nan ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ke nan ko ruwan wannan yanki ba ya isa teku, balle a yi maganar manomin Kafin Dafga.

Harshe ya bi sawun ƙasa. In ana batun kogi da tafki, Bahaushe gwani ne wajen rarrabewa: ga tarwaɗa, ga karfasa, ga gaiwa, ga ragon ruwa da giwan ruwa, ga kada da dorina da ayu. Sarkanci kuma sana'a ce mai sarautarta da asiranta. Karin magana ma ya shaida haka, kamar "kifi na ganinka mai jar koma", ko kuma kiran wanda bai san duniya ba "kifin rijiya". Amma da zarar an zo teku sai kalmomi su ƙare. Sunayen ma na Larabci ne, Bahar Maliya da Bahar Rum, kuma duk abin da ke ciki, komai girmansa, kifi ne kawai.

3.0 Tekun Littafi

A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ruwan da Alhaji ya fita nema magani ne, kuma a hannun aljannu yake. Ruwa a nan alama ce ta abin da ke da wuyar samu, ba mazaunin wata halitta da mai karatu zai iya sani ba. Haka kuma Gandoki na Bello Kagara: rabin farko yana tafe da tarihin yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, da sunayen garuruwa da sarakuna na gaskiya, amma da jarumin ya yi nisa gabas sai tarihi ya koma gefe, aljannu su karɓi fage. Wato dai a waɗannan littattafai, iyakar ƙasar da aka sani ita ce mafarin duniyar al'ajabi.

Tushen wannan ba ɓoyayye ba ne. Marubutan almajirai ne kafin su zama 'yan boko. Sun san ƙissar Annabi Yunusa da kifin da ya haɗiye shi, sun kuma san Alfu Laila, inda Sindibadu ya sauka a bayan wani ƙaton kifi yana zaton tsibiri ne. Tekun da suka gada, ke nan, wurin aya ne da abin mamaki.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi ba da haske. Labarin ya kai mu har Tarabulus, birnin da ke bakin Bahar Rum, inda Umar ya sadu da mahaifiyarsa, amma teku bai taka wata rawa ba. Abin da ya halaka ayari guguwar rairayi ce. A nan marubucin ya faɗi gaskiyar tarihin mutanensa: tekun Bahaushe shi ne Sahara, jirginsa raƙumi, matuƙinsa madugu. Domin haka ne tsoron da ke cikin wannan babi yake kama zuciya fiye da na aljannun Gandoki.

4.0 Tekun da Ba a Rubuta ba

Za a iya cewa ba laifin marubuci ba ne in bai siffanta abin da bai gani ba, kuma manufar gasar 1933 ita ce samar da abin karantawa mai daɗi. Wannan gaskiya ne, ba kuma za a rage wa Imam daraja ba. Sai dai hujjar tana da iyaka, domin Hausawa sun ga teku.

Dorugu, yaron ƙasar Damagaram, ya bi Dokta Barth a 1855 daga Kukawa zuwa Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa ta Malta har ƙasar Faransa, sannan Landan. Ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885, kusan shekara 50 kafin gasar Zariya. Alhazan ƙafa sun riƙa ƙetare Bahar Maliya daga gaɓar Sudan zuwa Jidda. Alhassan Ɗantata ya yi safarar goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi teku zuwa Ingila da Makka a 1921. Sojojinmu kuma an kwashe su a jiragen ruwa zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944.

Daɗin daɗawa, akwai halittar teku da ta zauna a aljihun Bahaushe shekaru aru-aru, wato wuri. Ƙwanson wata 'yar dabba ce da akan kwaso daga tsibiran Maldibis a Tekun Indiya, kuma jam'insa ne ya ba mu kalmar "kuɗi". Barth ya tarar ana ciniki da shi a Kano a 1851. Duk mai cewa "zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri" teku yake ambata bai sani ba. Haka murjanin da ke wuyan amarya.

5.0 Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari shi ne shaidar gani da ido. Tsofaffin sojan Bama da alhazan ƙafa sun kusa ƙarewa, abin da ya rage yana bakin 'ya'yansu da jikokinsu. Saboda haka ana ba da shawara uku. Na farko, sassan Hausa na kwalejojin ilimi su tura ɗalibai su tattara waɗannan labarai a ƙauyukansu. Na biyu, a sa labarin Dorugu cikin manhaja a gefen littattafan 1934, domin ɗalibi ya kwatanta tekun gani da tekun ji. Na uku, masu ƙirƙirar kalmomi su zauna da Sarkawa, irin waɗanda ke kamun kifi a madatsar Challawa da aka kammala a 1992, kafin su ari sunayen halittun teku daga waje. Wanda ya iya raɗa wa giwan ruwa suna ba zai gaza da na teku ba.