"Mushe": Kalmar da Ta Kamata a Yi wa Adalci

A lakwal ɗin Gamu, kamar sauran makarantun jihar Damagaram, yaro kan kira mai koyar da shi "mushe". Baƙo daga Kano idan ya ga kalmar a rubuce sai ya yi turus, domin mushen da ya sani shi ne dabbar da ta mutu ba yanka. Kalmomin biyu ne daban. Tsawon wasali da karin sauti ke raba su, rubutun boko kuwa ba ya nuna ko ɗaya.

Mushen aji daga Faransanci "monsieur" ya fito, wato "mon sieur", ubangidana. Tushen "sieur" kuma shi ne "senior" na Latinanci, ma'ana wanda ya fi shekaru, dattijo. Daga wannan tushe Ingilishi ya ari "sire" a wajen Faransawa ya mayar da shi "sir", wanda ɗalibin Katsina ke furtawa "sa". Ashe "mushe" da "sa" ƴan gida ɗaya ne, iyakar Turawa ce ta raba su. Har a Danmak an taɓa yayin aron Faransanci, abin da ya sa Ludvig Holberg ya yi wa masu yanga da shi ba'a a wasansa "Jean de France" a 1722.

Masu neman a soke kalmar suna da hujja. "Malam", daga Larabci "mu'allim", aikin mutum yake faɗa, wato koyarwa. "Mushe" kuwa laƙabin Bature ne da aka jingina wa malamin boko zamanin mulkin mallaka, ya nisanta shi da malamin allo. Tun da aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, hujjar ta ƙara ƙarfi.

Sai dai hujjar ba ta kai ga soke kalma ba. Bahaushe bai ari "monsieur" yadda take ba: ya sauya mata lafazi, ya taƙaita ma'anarta ga mai alli kaɗai, abin da Bafaranshe bai taɓa yi ba. Wannan aikin harshe ne, kuma tarihi ne. Abin da ya dace shi ne littattafan aji su fifita "malam", ƙamus kuma ya adana "mushe" da asalinta da alamar karin sautinta. Wanda ya share kalmar, ya share shaidar yadda boko ya shigo ƙasar nan.