Dabba a Jikin Ɗan Wasa: Salon Biri da Kokowar Adar

Daga cikin abubuwan da samarin Ibohamane da sauran garuruwan Keita suka fi sha'awa a finafinan mutanen Sin akwai wani salon faɗa da ake jingina wa biri, inda ɗan wasa yake tsugunawa ya ƙanƙance jikinsa, ya yi birgima da alkafura, ya riƙa waiwaye kamar hankalinsa yana wani wuri, alhali kuwa yana auna inda zai kai wa abokin karawarsa farmaki. Wannan fanni yana da asali mai nisa, domin tun zamanin likitan nan Hua Tuo, wanda ya rasu wajen shekara ta 208 miladiyya, hukama'un ƙasar suka tsara motsa jiki bisa kwaikwayon dabbobi biyar don neman lafiya, daga bisani kuma ma'abota faɗa, musamman na gidan ibadar Shaolin da ke lardin Henan, suka shahara da salon damisa da na maciji da makamantansu.

Idan mai nazari ya yi tafakkuri a kan kokowar Adar, wadda ake buɗe dandalinta bayan an kai hatsi rumbu, zai tarar dabba tana nan a fagen, sai dai ta wata ƙofa ta shigo. Basine ya ɗauki motsin dabba ya rarraba shi darasi darasi, malami yana gyara wa almajiri ƙafa da hannu shekara da shekaru. Ɗan kokowarmu kuwa halinta da kwarjininta ya ɗauka, har idan makaɗi ya saki ganga, shi kuma ya ɗaga hannu yana kirari, ya kira kansa zaki ko giwa ko ɓauna, sai ka ga zuciyarsa ta cika, abokin karawarsa kuma gabansa ya fara faɗuwa tun kafin a haɗa ƙirji. Waccan tarbiyyar gaɓoɓi ce, wannan tarbiyyar zuciya, kuma kowace tana da hikimarta.

Amma akwai fifiko guda da ya wajaba mu shaida wa mutanen Sin, shi ne tadwini, domin sun rubuta dabarunsu sun zana su a littattafai, har suka ƙetare teku. Mu kuwa, ko da yake a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, kuma jihar Tawa ta haifi gwarzo irin Kadade, mafi yawan ilmin kamu da kaye da kwancewa yana nan a ƙirazan tsofaffin 'yan kokowa. Haƙƙi ne a kan malaman makarantu da ɗaliban Adar su zauna gaban waɗannan dattawa da alƙalami, su rubuta sunan kowace dabara da yadda ake yin ta, tare da kirarin da ke rakiyarta, tun masu ilmin suna da ƙarfin nunawa da jikinsu.