Wieland Wagner da Dandamalin Bayreuth: Nazari a kan Aikin Mai Tsara Wasa

A ƙasashen Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da a ke kira opera, wanda 'yan wasa ba su faɗin maganganunsu sai da waƙa, taron makaɗa kuwa na biye da su tun daga farko har ƙarshe. Mutum uku ke riƙe da ragamar irin wannan wasa. Akwai mawallafin da ya tsara kiɗan, akwai jagoran makaɗa mai kula da abin da kunne zai ji, sa'an nan akwai mai tsara wasa, wanda abin da ido zai gani ke hannunsa: inda kowa zai tsaya, da tufafin da zai sa, da abin da za a kafa bisa dandamali, da yadda hasken fitilu zai sauka. A da, na ukun nan shi ne ƙaraminsu, aikinsa bai wuce bin umarnin da mawallafi ya rubuta cikin littafin wasan ba. Wannan takarda za ta duba aikin mutumin da ya ɗaukaka wannan matsayi a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau Wieland Wagner (1917–1966), tare da wata tambaya da masana ba su daidaita a kanta ba, ko share dandamalin da ya yi gwaninta ce tsantsa, ko kuwa hanya ce ta binne abin kunya.

Kakansa, Richard Wagner, shi ya gina gidan wasa na musamman a garin Bayreuth, aka buɗe shi a 1876 don a riƙa nuna wasanninsa. Umarnin da ya bari ga masu tsara wasa yana da yawa, yana kuma da wuyar cikawa. A jerin wasanni huɗu da a ke kira Zoben Nibelung, waɗanda kan ci wajen sa'a 15, ya nemi a nuna ƙarƙashin kogin Rhine da mata suna iyo, da gadar bakan gizo, da dodo mai magana, da doki, da raguna masu jan keke. Da ya rasu a 1883 matarsa Cosima ta riƙe umarnin nan kamar wasiyya. Kayan adon wasan Parsifal da aka yi a 1882 ba a sake su ba sai a 1934. Wani mutumin Siwizalan, Adolphe Appia, ya rubuta tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa zanen itatuwa da duwatsu bisa ƙyalle ba ya jituwa da jikin ɗan wasa mai motsi, kuma haske ne kaɗai ke iya sauyawa da saurin da kiɗa ke sauyawa. Cosima ta ƙi sauraronsa.

Ba shi yiwuwa a fahimci aikin jikan sai an san halin da gidan ya shiga. Uwarsa Winifred, wadda ta karɓi ragamar bikin bayan mutuwar mijinta Siegfried a 1930, aminiyar Hitila ce tun 1923. Hitila ya saba sauka gidansu, ya kuma nuna wa Wieland gata, har aka ɗauke masa aikin soja. Wieland ya shiga jam'iyyar Nazi a 1938. Shi ya zana kayan adon Parsifal a 1937, da na wasan Meistersinger a 1943, wanda aka nuna wa sojojin da suka ji rauni da ma'aikatan masana'antun makamai. Daga watan Satumba na 1944 zuwa Afrilu na 1945 ya yi aiki a wata ma'aikatar bincike a Bayreuth wadda reshe ce ta sansanin fursunoni na Flossenbürg, inda a ke tilasta wa fursunoni aiki. Bai yi bayanin wannan a bainar jama'a ba har ya mutu. Bayan yaƙi kotu ta hukunta Winifred, ta sauka daga shugabanci, aka miƙa bikin ga 'ya'yanta biyu, Wieland da ƙanensa Wolfgang. Suka sake buɗe shi a 1951, suka kafa sanarwa ana roƙon baƙi su bar zancen siyasa a wurin.

Waɗanda suka shiga kallon Parsifal a wannan shekara sun tarar da abin da ba su saba gani ba. Babu kurmi, babu tafki, babu ginin ɗakin ibada mai ƙubba. Akwai wani faffaɗan faifai a tsakiyar dandamali, da labule mai lanƙwasa a bayansa, da duhu mai yawa. Kurmin sai haske kore da ke ratsowa kamar ta tsakanin ganyaye, ɗakin ibadar kuwa ginshiƙai huɗu ne da ƙyar ido ke gano su, da teburi kewayayye. Mawaƙa kan daɗe tsaye wuri guda ba motsi, har ya zama in ɗaya ya ɗaga hannu ko ya juya baya, kowa ya san an faɗi wani abu. Jagoran makaɗan, Hans Knappertsbusch, tsoho ne mai riƙon al'ada, bai ji daɗin wannan tsari ba. Ana ba da labari cewa ya nace sai an sauko da kurciyar da mawallafi ya ce a nuna a ƙarshen wasan, sai Wieland ya sa aka sauko da ita daidai inda shi jagoran zai hange ta daga ramin makaɗa, 'yan kallo kuwa ba su gan ta ba. Wannan tsari na Parsifal ya daɗe ana nuna shi har 1973, shekara bakwai bayan mutuwar mai shi.

To, mene ne hujjar wannan aiki? Wasu sun ce talauci ne, don kuwa yawancin tufafi da kayan wasa sun salwanta a ƙarshen yaƙi, kuɗi kuma babu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba, tun da ya ke sa'ad da kuɗi suka samu bai koma ga tsohon ado ba, sai ma ya ƙara ragewa. Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin kiɗan kansa. Richard Wagner ya ba kowane jarumi, da takobi, da zobe, da la'ana, wani ɗan guntun kiɗa da a ke gane shi da shi. Mai karatu da ya san yadda makaɗi kan buga taken mutum, jama'a su san wanda a ke nufi ko ba a ambaci sunansa ba, ba zai sha wuyar gane wannan ba. In makaɗa sun riga sun buga taken wuta, kunne ya ji tana ci, sai kuma a kawo jan ƙyalle ana kaɗa shi da iska, an faɗi magana guda sau biyu ke nan, ta biyun kuwa ta fi ta farko rauni. Masu nazarin harshe sun san cewa alama ba ta samun ma'ana sai ta wurin bambancinta da sauran alamun da ke kewaye da ita. A dandamalin da ya cika da kaya, mashi ɗaya ne cikin abubuwa ɗari. A dandamalin da ba kome, mashin Wotan shi ne abin da ido zai bi. Abin da Wieland ya yi shi ne rage yawan alamu don waɗanda suka saura su yi nauyi, kuma a wannan fanni lalle ya ci nasara.

Masu goyon bayansa kan kawo wata magana da Cosima ta rubuta cikin littafinta na abubuwan yau da kullum a 1878, cewa mijinta ya gaji da tufafi da kwalliyar 'yan wasa, har ya ce da ya ɓoye makaɗa daga idon jama'a, yana son ya ƙago wasan da ba a gani. Ba a dogara da wannan ƙwarai, gama magana ce ta mutum cikin ɓacin rai, kuma bayan shekara huɗu shi da kansa ya sa aka yi dogon ƙyalle mai zane ana naɗe shi don a ga kamar kurmi na tafiya. Gaskiyar ita ce Wieland ya raba rubutun kakansa kashi biyu. Kiɗa da kalmomin waƙa ya ɗauke su wajibi, umarnin dandamali kuwa ya ɗauke shi ra'ayin mutumin ƙarni na 19 wanda ya yi aiki da fitilar gas. Duk malamin da ya taɓa shirya wasa da ɗalibai ya gamu da wannan tambaya ko da a ƙaramin sikeli, watau wane ɓangare na rubutun ne wasan, wane ne kuma shawara kawai.

Ya kamata a rage wani abu daga yabon da a kan yi masa na cewa shi ya ƙago kome. Appia ya riga shi da shekara hamsin. Gidan wasa na Kroll a Balin, ƙarƙashin Otto Klemperer, ya nuna wani wasan Wagner a 1929 ba tare da tsohon ado ba, masu ra'ayin riƙau suka yi ca a kansa. Ko a Bayreuth ma Emil Preetorius ya fara sauƙaƙa adon tun shekarun 1930. Har wa yau, motsin 'yan wasa da jeruwar mawaƙa, waɗanda su ne rabin kyan tsarin, matarsa Gertrud, gwanar tsara rawa, tana da hannu babba a cikinsu, fitilun kuma Paul Eberhardt ne ya sarrafa su. Sunan Wieland ne ya tafi duniya, nasu bai yi nisa ba.

Inda gardama ta fi tsanani shi ne Meistersinger na 1956. Wannan wasa labarin mawaƙan birnin Nuremberg ne a ƙarni na 16, yana kuma ƙarewa da jawabin da ke ɗaukaka fasahar Jamusawa, yana gargaɗi a kan baƙin al'adu. 'Yan Nazi sun mai da shi nasu, suna nuna shi lokacin manyan tarukan jam'iyyarsu a Nuremberg ɗin. Wieland ya kawar da birnin ɗungum. A kashi na biyu, maimakon titi da gidaje masu tsinin rufi, sai wani ɗan dandali da dunƙulen furanni rataye a sama cikin shuɗin haske. A ƙarshe kuma jama'ar gari ba su yi jerin gwano da tutoci ba, an zaunar da su hawa hawa kamar 'yan kallo. Aka yi masa ihu, aka ce ya yi wasan Nuremberg ba Nuremberg.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma kowace tana da madogara. Ta farko, ya ƙwace wasan daga hannun waɗanda suka ɓata shi. Tsofaffin magoya bayan gidan, waɗanda da yawansu ba su sake ra'ayi ba tun 1945, sun gane haka sarai, shi ya sa suka fusata. Hakanan a 1961, da ya ɗauki Grace Bumbry, baƙar Ba'amurkiya mai shekara 24, ta fito a matsayin Venus cikin Tannhäuser, wasiƙun ƙin yarda suka yi ta zuwa, bai janye ba. Ta fuska ta biyu kuwa, mutumin da ya zana Nuremberg da dukan gidajenta a 1943 shi ne ya share ta a 1956 ba tare da ya faɗi abin da ya faru tsakani ba. Ya karkata ga wasannin Girkawa na da, da ra'ayin Carl Jung game da siffofin da ke cikin zuciyar kowane ɗan Adam, ya ce labarun kakansa ba na wata ƙasa ko wani zamani ba ne. Wannan ra'ayi yana da amfani ga fasaha, yana kuma da amfani ga iyalin da ba su son a tambaye su tarihi. Labarin da ba shi da ƙasa ba shi da mai laifi. Sanarwar nan ta hana zancen siyasa da dandamalin da aka share, a shekara guda suka fito daga hannu guda.

Ba daidai ba ne a ce ɗayar fuskar ta kashe ɗayar. Hujjar rage alamu tana nan da ƙarfinta ko da wane dalili ya kai shi gare ta, kuma ta fi dacewa da Parsifal da Tristan, inda yawancin abin da ke faruwa cikin zukata ya ke. A Meistersinger da Zoben kuwa tsarin ya yi hasara, don waɗannan wasanni suna magana a kan gari, da sana'a, da dukiya, da mulki, abubuwan da ba su rayuwa cikin duhu mara wuri. Da alama shi ma ya lura da haka. A 1963 ya sake Meistersinger bisa dandamalin katako irin na zamanin Shakespeare, da hayaniya da ba'a, a shekarunsa na ƙarshe kuma ya kusanci masana masu ra'ayin gurguzu irin su Ernst Bloch, ya jawo Pierre Boulez, suka yi Wozzeck na Alban Berg tare a Frankfurt a 1966. Ciwon huhu ya kashe shi a watan Oktoba na wannan shekara, yana da shekara 49.

Wata matsala ga mai nazari ita ce ƙarancin shaida. Aikin da aka gina bisa sauyawar haske ba ya kamuwa a hoto mara motsi, kuma ba a ɗauki wasanninsa na Bayreuth a fim cikakku ba. Abin da ya fi kusa shi ne Tristan da aka ɗauka a Osaka ta Japan a 1967, cikin baƙi da fari, bayan mutuwarsa. Saboda haka yawancin hukuncin da a ke yankewa a kansa ya dogara ne ga bayanin waɗanda suka halarta, masu so da masu ƙi. Abin da ya tabbata shi ne ikon da ya kafa wa mai tsara wasa na ya fassara rubutu da kansa. Da wannan iko ne Patrice Chéreau ya yi aiki a 1976, sa'ad da Wolfgang ya gayyace shi tsara Zoben don cikar bikin shekara 100. Chéreau ya kafa madatsar ruwa ta lantarki bisa kogin Rhine, ya sa wa alloli tufafin attajiran ƙarni na 19, ya mai da kuɗi da masana'antu da mulki tsakiyar dandamalin da Wieland ya share. Boulez ne ya jagoranci makaɗan.