Jinjina ga Masu Adana Takardun Kuɗin Duniya

Yawancinmu nannaɗe takardar kuɗi muke mu cusa a aljihu. Masu tara takardun kuɗin ƙasashen duniya kuwa ko ninke ta ba sa yi, don layi ɗaya a tsakiyarta kan zubar mata da daraja. Kowace takarda da rigarta ta leda, kuma ba kowace leda ba: ta PVC takan tsatso wani maiƙo mai ɓata takarda, shi ya sa suke neman ta Mylar. Ba guga, ba wanki, ba salatif. Rana da laima kuwa, kaffa-kaffa suke da su.

Tsarin jerawar ne ya fi burge ni. Ƙasa-ƙasa, sai shekara, sai lambar da Bajamushe Albert Pick ya ƙirƙiro a kundinsa, wadda dillalai ke aiki da ita har gobe. Bankuna lalata tsofaffin kuɗi suke yi, amma a wajen mutanen nan takardar Zimbabuwe ta dala tiriliyan 100, mai shekarar 2008, tana nan sumul, haka ma ta roba da Ostareliya ta fitar a 1988. Ƙungiyarsu ta duniya, IBNS, tun 1961 take haɗa kansu.