"Run" ba gudu kaɗai ba ce

A 2011 masu ƙamus ɗin Oxford suka gama sabunta bayanin kalmar "run". Peter Gilliver, wanda aka ɗora wa aikin, ya yi wata tara a kanta, ya fito da ma'anoni 645, kuma a matsayinta na aikatau kaɗai. A bugun 1989 kuwa "set" ce ke riƙe da kambu, da ma'anoni 430.

To, kalma mai fuska ɗari shida da ɗoriya, ta yaya za a ɗaura mata aure da kalmar Hausa guda ɗaya? Amma abin da wasu masu fassara labarai a shafukan intanet ke yi ke nan, tun ba ma da Google Translate ya shigo da Hausa a 2013 ba. Da sun ga "run" sai gudu, in gudun ya ƙi zama sai "gudanar da". Yanzu komai gudanar da shi ake yi: taro, bincike, zaɓe, ɗaurin aure, har addu'a. Haba jama'a! Ina "yi" ta tafi? Taro dai yin sa ake yi, addu'a ma haka.

Dubi yadda Bature ke murza kalmar. Ɗan siyasa a Amurka "run" yake yi in yana neman kujera, namu kuwa tsayawa takara yake yi. Famfon Bature "run" yake yi, namu zuba yake. Hancin yaronsa mai mura ma haka, na ɗanmu yoyo yake. Injin motarsa yana "run", namu ya tashi ko yana aiki. In mai ya yi masa "run out" a hanya, direbanmu cewa zai yi mai ya ƙare, ya ɗauki galan ya nufi 'yan bumburutu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ma muna da irinta a gida. Ai "ci" ba ta tsaya ga tuwo ba: a ci kasuwa, a ci zaɓe, a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, a ci mutunci. Da wani Bature zai rubuta cewa gwamna ya tauna zaɓe ya haɗiye, dariya za mu yi har da riƙe ciki.

Ba na'urar fassarar nake zargi ba, ita aikinta sauri. Edita nake zargi, wanda ya karanta "za a gudanar da sallar jana'iza", ya san sarai a unguwarsu cewa ake za a yi wa mamaci salla, ya kuma bar jimlar ta wuce.