3.2 Dogon Buri a Matsayin Aibin Tauraro a Wasan Makbes

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin gano abin da ya jawo faɗuwar Makbes, babban tauraron wasan da Shekisfiya ya rubuta wajen 1606, aka fara buga shi a 1623. Tun zamanin Girkawa, Aristotil ya nuna cewa tauraron wasan ban tausayi ba waliyyi ba ne, ba kuma mutumin banza ba. Mutum ne mai daraja wanda kuskuren kansa ke kai shi ƙasa. Haka aka fito da Makbes a farkon wasan: jarumi, ɗan'uwan Sarki Dankan na Sikotilan, wanda ya murƙushe tawaye har sarki ya ƙara masa sarauta.

Mai karatu zai iya ɗora laifin faɗuwarsa a kan bokaye mata uku da suka yi masa albishir da mulki, ko kuwa a kan matarsa. Amma wannan nazari yana ganin dogon burinsa ne tushen komai, saboda dalilai uku.

Na farko, bokayen sun ce zai zama sarki, amma ba su ce ya kashe kowa ba. Abokinsa Banko yana wurin, shi ma aka gaya masa zuriyarsa za ta yi sarauta, bai kuwa zare takobi ba. Shi ko Makbes, tun a kashi na ɗaya fitowa ta uku, zuciyarsa ta fara saƙa masa kisa. Da Dankan ya naɗa ɗansa Malkam magaji a fitowa ta huɗu, sai ya ɗauke shi a matsayin shingen da dole a tsallake.

Na biyu, a fitowa ta bakwai Makbes da bakinsa ya lissafa abubuwan da suka hana shi taɓa Dankan: ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne, kuma adali ne. Ya kuma yarda cewa ba abin da ke ingiza shi sai buri. Gaskiya ne matarsa ta zuga shi, ta yi masa gorin rashin mazantaka, amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, bayan ya hau gadon sarauta burin bai kwanta ba. A kashi na uku ya sa an kashe Banko ba tare da shawarar matarsa ba, don kada mulki ya koma ga zuriyar wani. A kashi na huɗu kuma ya sa aka hallaka matar Makdaf da 'ya'yansa, alhali ba su tare masa komai ba.

Idan aka yi la'akari da waɗannan, za a ga cewa Makbes da idonsa buɗe ya faɗa rami. Nan ne ban tausayin yake, domin ya san darajar abin da ya zubar: barci ya gagare shi, mutanensa suka watse, matarsa ta mutu, a ƙarshe Makdaf ya sare masa kai. Zuciyar da ta ɗaukaka shi a fagen daga, ita ce ta ƙi tsayawa inda amana ta ce a tsaya.