Waƙa da Harshen Aro: Darasi daga Beatles da ABBA

A watan Janairu na 1964, mawaƙan Beatles na Ingila sun shiga ɗakin ɗaukar murya a Paris, suka sake rera waƙoƙinsu biyu da Jamusanci, domin kamfanin faifai ya ɗauka Jamusawa ba za su sayi na Ingilishi ba. Camillo Felgen ne ya fassara, ya kuma koya musu furuci. Ko da yake sun zauna a Hamburg tsakanin 1960 da 1962, mai sauraro yana jin harshen Liverpool a ƙarƙashin kowace gaɓa. Ba su sake yin irin wannan faifai ba.

Sai a dubi ABBA na Suwidin, waɗanda suka fitar da faifai sukutum da Sifaniyanci a 1980, ya kuma karɓu a Kudancin Amurka. Dalilai biyu ake hange. Na farko, wasulan Sifaniyanci biyar ne kacal. Na biyu, tun asali da harshen aro, wato Ingilishi, suka yi suna, saboda haka sun saba da ladabin ɗalibi.

Abin lura shi ne, fassara tana iya daidaita kari da amsa-amo, amma furuci sai da horo. Wanda ya haddace sauti bai san nauyin kalma ba, ya rera kiɗan waƙar ne, ma'anarta kuwa ya bar ta a baya.